Shigege a Gidan Bature: Nazarin Littafin Mister Johnson na Joyce Cary

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1939 aka buga wani ƙagaggen labari a Landan mai suna Mister Johnson, wanda Joyce Cary ya rubuta, ya kuma gina shi a kan wani gari na ƙage a Nijeriya ta Arewa zamanin mulkin Turawa. Tun daga wancan lokaci, akasarin muhawarar da manazarta ke yi a kan littafin tana zagaye tambaya guda ce, watau shin Cary ya yi wa baƙar fata adalci ko bai yi ba? A shekarar 1952 mujallar Time ta Amurka ta fifita shi a kan duk wani ƙagaggen labari da aka taɓa rubutawa game da Afirka. Shi kuwa Chinua Achebe, wanda aka karantar da shi littafin yana ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya bayyana a littafinsa Home and Exile (2000) cewa shi da 'yan ajinsu ba su ga kansu a cikin labarin ba, har ɗaya daga cikinsu ya shaida wa malaminsu Bature cewa wurin da ya ji daɗi kaɗai shi ne inda aka harbe tauraron.

Hukuncin Achebe yana nan daram, kuma wannan maƙala ba ta zo don ta ja da shi ba. Manufarta ita ce ta juya madubin. Abu ne sananne cewa marubucin da ya zauna siffanta wata al'umma, sau da yawa tasa al'ummar yake siffantawa bai ankara ba. Saboda haka za a bi littafin ne a matsayin shaida a kan Turawan Ingila, a ga yadda suke kallon kansu da kuma gurbin da suka ajiye wa wanda ya ce yana so ya zama kamarsu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Bature ɗan Ingila ya gabatar da ɗabi'unsa ga duniya tamkar makaranta ce da kowa ke iya shiga, amma ya riƙe su a zuci tamkar gado, kuma wannan saɓani shi ne ya kashe Johnson.

2.0 Marubucin da Labarinsa

An haifi Joyce Cary a shekarar 1888 a birnin Derry na ƙasar Ailan, ya yi karatu a Oksfod, ya iso Nijeriya a 1914 a matsayin ƙaramin jami'in mulki. Ya yi yaƙin Kamaru tare da sojojin Nijeriya, aka ji masa rauni a dutsen Mora a 1915. Daga baya aka tura shi ƙasar Borgu, inda ya yi aikin Di'o, ya duƙufa kan gina hanyoyi da gadoji. Ya bar aiki a 1920, ya koma Oksfod ya zauna har rasuwarsa a 1957. Kafin Mister Johnson ya fitar da littattafai uku a kan Nijeriya, watau Aissa Saved (1932) da An American Visitor (1933) da The African Witch (1936).

Labarin ya faru ne a wani gari da marubucin ya kira Fada. Johnson matashi ne ɗan Kudu, ɗan makarantar mishan, wanda aka kawo akawu na gwaji a ofishin Di'o. Mutum ne mai fara'a da son shagali da waƙa, ba ya iya riƙe kwabo. Ya ci bashi ya auri Bamu, wata budurwa 'yar ƙauye, da niyyar mayar da ita irin matan Turawa. Ubangidansa Rudbeck, mataimakin Di'o, ba shi da buri sai na fasa hanyar mota da za ta haɗa Fada da babbar hanyar kasuwanci. Da kuɗin aikin suka ƙare, Johnson ne ya nuna masa dabarar karkatar da kuɗin wasu ayyuka zuwa aikin hanya ta hanyar takardun biya na ƙarya. A gefe guda kuma bashi ya sa Johnson yana kai wa Waziri asiran ofis. Asiri ya tonu, aka kore shi, ya koma aiki a kantin Gollup, wani tsohon saje Bature mashayi. Nan ma aka rabu dutse a hannun riga. Ya sake komawa wajen Rudbeck, ya tara leburori da kiɗa da waƙa har hanya ta kammala, sai aka kama shi yana karɓar kuɗi a zango ba bisa ƙa'ida ba, aka sake korarsa. Daga ƙarshe ya shiga kantin Gollup sata, Gollup ya rutsa shi, ya daɓa masa wuƙa ya mutu. Rudbeck ne ya yi shari'ar, hukunci ya zama rataya. Johnson ya roƙe shi ya harbe shi da hannunsa maimakon igiya, Rudbeck kuwa ya cika masa wannan roƙo.

3.0 Wane ne Bature Ɗan Ingila?

Kafin a shiga cikin littafin, ya kamata a warware wani ƙulli na suna. Kalmar Bature a Hausa ta haɗa ɗan Faransa da ɗan Jamus da ɗan Ingila, ba ta bambanta ba. Su kansu waɗanda ake kira Turawan Ingila ba tsintsiya ɗaya ba ne. Ingila yanki ɗaya ce cikin Birtaniya, an haɗe ta da Sikotlan a 1707, aka ƙara da Ailan a 1801. Da yawa daga cikin waɗanda suka tako ƙasar Hausa da sunan Ingila ba a can aka haife su ba. Clapperton, wanda ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ɗan Sikotlan ne. Gwamna Lugga a Madras ta Indiya aka haife shi. Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, asalinsa ɗan Suwizalan ne. Shi kansa Cary ya fito ne daga zuriyar Turawan Ingila da suka daɗe da mallakar filaye a Ailan, irin waɗanda mutanen Ailan ke ɗauka baƙi, in sun je Ingila kuma a ce da su 'yan Ailan. Ashe ke nan marubucin ya san zafin tsayuwa a bakin ƙofa, kuma wannan na da muhimmanci ga fahimtar tausayin da yake yi wa Johnson.

Tun a 1701 Daniel Defoe ya rubuta waƙarsa ta zambo, The True-Born Englishman, yana yi wa masu tinƙaho da tsarkin jini dariya, yana tuna musu cewa su gamin gambiza ne na al'ummomin da suka yi ta mamaye tsibirin. Tunda jini bai isa hujja ba, sai Turawan Ingila suka koma siffanta kansu da hali. Idan aka bi rubuce-rubucensu na ƙarni na 19 da farkon na 20, za a ga halaye uku suna ta maimaituwa. Na farko shi ne kamun kai, watau mutum ya danne abin da ke zuciyarsa kada fuska ta nuna. Na biyu shi ne girmama doka da yin adalci ko da a kan abokin gaba. Na uku shi ne fifita aiki a kan surutu da dogon tunani. Makarantun kwana na 'ya'yan manya su ne maƙerar da ake ƙera waɗannan halaye, daga nan kuma ake ɗibar jami'an da ake turawa ƙasashen mallaka.

Wasu marubutansu sun hango illar abin. E. M. Forster, a wata maƙala da ta fito cikin littafinsa Abinger Harvest (1936), ya yi nuni da cewa waɗannan makarantu na yaye samari masu ƙarfin jiki da matsakaicin ilmi, amma zuciyarsu ba ta nuna ba, don ba a koya musu yadda za su yi da abin da suke ji ba. George Orwell, wanda ya yi aikin ɗan sanda a Bama, ya yaba wa mutanensa a 1941 da sauƙin hali da amincewa da doka, sannan ya zarge su da fuska biyu a kan daular da suka mallaka da ƙarfin bindiga suna yi kamar ba su san da ita ba. Waɗannan halaye uku da wannan zargi su ne ma'aunin da za a auna taurarin Cary da shi.

4.0 Rudbeck: Hanya da Doka

Rudbeck shi ne hoton Bature ɗan Ingila kamar yadda yake son a gan shi. Ba shi da yawan magana, ba shi da mugunta, ba ya neman abin duniya don kansa. Bai damu da takardun ofis ba, hankalinsa na daji wajen sare itatuwa da kafa gadoji. Idan aka tambaye shi dalilin fasa hanyar, ba shi da wata doguwar amsa. Hasali ma marubucin ya nuna cewa sha'awar hanya aro ya yi daga wani jami'i da ya fara aiki a ƙarƙashinsa. Wannan shi ne hali na uku da aka ambata, aiki ba tare da tambayar ina aka dosa ba. Cary bai ɓoye sakamakon ba, domin da hanya ta buɗe, kasuwa ta bunƙasa, amma ɓarayi da rigingimu suka biyo ta, tsohon tsarin Fada ya fara rushewa, Rudbeck ya tsaya yana kallon aikin hannunsa cikin ruɗu.

Abin lura a nan shi ne yadda doka ta yi aiki a kan mutanen biyu. Takardun ƙarya da aka rubuta, Johnson ne ya kawo shawara, amma Rudbeck ne mai sa hannu, shi ne kuma ya ci moriyar abin. Da magana ta fito, akawu ya rasa aikinsa, jami'i kuwa ya ci gaba da nasa. Haka kuma lokacin da Rudbeck ya gano Johnson na karɓar kuɗi a zango, bai tsaya ya tuna cewa da irin wannan hanya aka gama aikin da yake alfahari da shi ba. Aiki ɗaya ne ya sami suna biyu. A hannun Bature sunansa himma da kauce wa ƙa'idojin ofis marasa amfani, a hannun akawu kuwa sunansa sata. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba a cewa Rudbeck munafuki ne da gangan, kuma a nan ne ƙwarewar Cary ta bayyana. Mutumin ya yi imani har zuciyarsa cewa shi mai gaskiya ne. Dalili kuwa, gaskiya a wurinsa ba ta rataya ga abin da ya aikata ba, ta rataya ne ga irin mutumin da yake. Tunda shi ɗan Ingila ne mai tarbiyya, duk abin da ya yi da kyakkyawar niyya ya yi shi. Wanda ba ɗan Ingila ba kuwa, aikinsa kaɗai ake dubawa, domin ba a san masa wata niyya da za ta wanke shi ba. Matarsa Celia ta ɗauki wannan kallo ta wata fuskar. Johnson ne ke yawo da ita yana nuna mata gari, tana jin daɗinsa, amma Afirka gaba ɗaya a wurinta abin kallo ce da za a ba da labarinsa a wasiƙa, Johnson kuma ɗaya ne daga cikin kayan kallon.

5.0 Gollup: Inda Aka Zuba Dattin

Gollup Bature ne ɗan Ingila shi ma, amma ɗan talakawa. Ba ya cikin da'irar jami'ai. Yana shan giya, yana dukan matar da ya ajiye, yana zagin baƙar fata a fili. Idan ya bugu sai ya zaunar da Johnson yana yi masa huɗuba a kan girman daular Ingila da nauyin da Allah ya ɗora wa Bature na gyara duniya, yana kukan kewar gida. Abin mamaki, duk kalaman fariya da daula daga bakinsa suke fitowa, Rudbeck bai taɓa furta irinsu ba.

Wannan rabon aiki da marubucin ya yi yana da ma'ana. An ɗora wa ɗan talaka wariyar fili da ashar da duka, don ɗan manya ya fita da farar riga. Mai karatu ɗan Ingila na 1939 zai iya ƙyamar Gollup hankali kwance, ya ce ai wannan ba irinmu ba ne. Sai dai idan aka duba da kyau, Gollup ya fi Rudbeck kusantar Johnson. Yana zama da shi, yana shan giya da shi, yana faɗa da shi kamar mutum da mutum. Rudbeck bai taɓa zaginsa irin na Gollup ba, amma kuma bai taɓa tambayarsa daga ina ya fito ba. Ladabin ɗan manya ya zama katanga wadda ta fi zagin saje tsawo.

A nan ne nazarin David Cannadine a littafinsa Ornamentalism (2001) yake da amfani. Ya nuna cewa Turawan Ingila sun kalli daularsu da idon da suke kallon ƙasarsu, watau idon matsayi da daraja, ba launin fata kaɗai ba. Tarihin Nijeriya ta Arewa ya ba da misali. Jami'an da suka tashi cikin girmama sarauta da gidajen asali sun ga sarakunan Arewa, da fada da dawaki da dogarai, sai suka ga wani abu mai kama da tsarin da suka baro a gida. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Ingila a 1921, sannan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka je, aka karɓe su da girmamawa. Basarake yana da gurbi a tunanin Bature, haka ma manomi da ya tsaya a gonarsa. Shi Cary bai yarda da wannan soyayya ga sarauta ba, don ya zana fadar Fada cike da zalunci da makirci, ya kuma sa Blore, Di'on da ke son komai ya zauna yadda yake, ya zama mutum mai ƙuntataccen tunani. Amma ya gane sarai cewa akwai mutum ɗaya da wannan tsari bai tanadar wa wurin zama ba, shi ne akawu.

6.0 Johnson: Shigege

Masana harshe na ganin kalmar akawu daga Yarabanci Hausa ta aro ta, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna daga ina masu wannan aiki suka fara zuwa. Da yake an taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, gwamnati da kamfanoni sun dogara ne ga ma'aikata daga Kudu da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu, aka zaunar da su a Sabon Gari, nesa da birni, nesa kuma da unguwar Turawa. Mulki ba ya tafiya sai da su, amma ba a ƙaunarsu. Turawan sun zo da darasi daga Indiya, inda Macaulay ya ba da shawara a 1835 a yi renon wani rukuni na Indiyawa masu tunani da ɗabi'un Ingila, daga baya kuma jikokin wannan rukuni suka zama masu neman 'yanci. Lugga bai ɓoye ƙyamarsa ga 'yan bokon Ikko ba, kuma lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 an yi hattara ƙwarai kada ɗalibanta su bar rigarsu da al'adunsu.

Johnson shi ne abin da ake gudu. Yana sa farin kwat da takalmi mai sheƙi, yana kiran Ingila gida alhali bai taɓa ganinta ba, yana yi wa Sarkin Ingila waƙa, yana kiran Rudbeck abokinsa. Bai yi tawaye ba, bai nemi 'yanci ba. Laifinsa shi ne ya gaskata abin da aka gaya masa a makaranta, cewa wayewa hanya ce, wanda ya bi ta zai isa. A al'adar sana'o'in Hausa ana bambanta ɗan gado da shigege, watau wanda ya shigo sana'ar da bai gada ba. Shigege na iya fin ɗan gado gwaninta, amma a ranar da ake maganar asali sai a tuna masa. Johnson shigege ne a gidan Bature. Duk lokacin da ya ƙara ƙoƙari, sai abin ya ƙara zama abin dariya ga masu gidan, domin kama da wane ba ta wane.

Yana da kyau a kwatanta wannan da yadda harshen Hausa ya yi da kalmar Bature. Bahaushe ya lura cewa Bature ne ke riƙe da wasu ofisoshi, sai ya ce baturen gona, baturen makaranta, baturen 'yan sanda. Da Turawa suka tafi, 'yan ƙasa suka hau kujerun, sunan bai canja ba, har yau ana cewa baturen zaɓe ko da mutumin Bakano ne ko Bazazzagi. Watau a bakin Bahaushe baturci ya zama muƙami da ake iya hawa. A cikin littafin Cary kuwa abu ne da ake haihuwar mutum da shi. Johnson ya fahimci abin irin fahimtar farko, Rudbeck da Blore da Gollup duk sun tsaya a kan ta biyu.

Sai dai kuma a nan ne raunin littafin ya fi fitowa, inda sukar Achebe ta sami gindi. Cary bai ba Johnson uwa ko uba ko gari ko harshen da za a iya kira nasa ba. Ba a san abin da ya bari ba kafin ya rungumi Ingila. A gabatarwar da ya rubuta wa wani bugu na baya, Cary ya bayyana shi a matsayin mai fasaha wanda ke ƙaga rayuwarsa kamar yadda mawaƙi ke ƙaga waƙa. Yabo ne, amma yabon da ya dace da buƙatar mai yabon. An tara wa Johnson duk abin da ɗan Ingila ya hana kansa, watau rawa da waƙa da kuka da dariya da kashe kuɗi ba lissafi. Mutum mai kamun kai yana buƙatar wanda ba shi da shi a kusa, don a nan ne nasa zai fito fili. Johnson bai zama cikakken ɗan Afirka ba saboda aikin da aka ba shi a labarin shi ne ya zama kishiyar Rudbeck.

7.0 Salo da Ƙarshen Labari

Salon littafin ya ƙarfafa wannan jigo ta hanyoyi biyu. Da farko, an ba da labarin ne da sigar lokaci mai ci, kamar abin yana faruwa yanzu. Wannan ya sa labarin gudu da armashi, amma ya mayar da Johnson mutum marar jiya da gobe, irin yadda ake ɗaukar yaro. Na biyu, in Johnson na magana da mutanen gari da harshensu, marubucin kan kawo maganar da daidaitaccen Turanci, amma in ya juya ga Bature sai a rubuta Turancinsa a karye, harafi bayan harafi. Ke nan a daidai lokacin da yake ƙoƙarin shiga gidan, a lokacin ne rubutu ke tona shi. Harshen da ya ɗauka mabuɗi shi ne ya zama shaidar baƙuncinsa.

Ƙarshen labarin shi ne inda komai ya haɗu. Kafin a zartar da hukunci, Rudbeck ya je wurin Johnson da damuwa, yana so ya ji ko shi ne sanadin abin da ya same shi. Johnson ya wanke shi tas. Sannan ya nemi alfarmar harbi, ya durƙusa yana yi wa Allah godiya da ya ba shi aboki irin Rudbeck, a cikin wannan hali aka harbe shi. Rudbeck ya karya doka a nan ma, tunda rataya aka umarta. Amma ya fito yana jin sauƙi a ransa, har marubucin ya nuna cewa ya fara ɗaukar shawarar harbin tamkar tasa ce tun asali, kamar dai yadda ya yi da dabarar kuɗin hanya da ta tara leburori.

Ana iya karanta wannan wuri ta fuska biyu. Ta fuskar farko, mafarkin mai mulki ne, ya yanke hukunci, ya kashe, wanda aka kashe kuma ya gode masa, ya tafi da hoton kansa na mai adalci da tausayi ba tare da tabo ba. Ta fuska ta biyu, Cary yana yi wa wannan mafarki shaguɓe ne, yana nuna mutumin da ke karɓar komai daga hannun yaronsa, har da gafara, sannan ya manta daga ina ya samu. Hujjar fuska ta biyu tana cikin jimlolin ƙarshe na littafin. Amma hujjar ta farko ta fi nauyi, domin marubucin bai bar wa Johnson ko da ɗan lokaci guda na fushi ko tambaya ba. Cary ya iya ganin makantar Rudbeck, sai dai bai iya tunanin akawun da zai buɗe baki ya faɗe ta ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa darajar Mister Johnson ga ɗalibin adabi a yau tana wajen Rudbeck fiye da wajen Johnson. Wanda ke neman sanin rayuwar mutanen Nijeriya a wancan zamani sai ya nemi Things Fall Apart (1958) da makamantansa. Wanda ke neman yadda ɗan Arewa ya kalli Ingila da idonsa sai ya duba Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin tafiyarsa ta 1943. Amma wanda ke son ganin yadda Bature ɗan Ingila ya iya riƙe daula yana kuma ganin kansa mutum mai sauƙin kai da adalci, da wuya ya sami shaida mai gaskiya kamar wannan littafi, musamman da yake mai ba da shaidar ya yi aikin da hannunsa.

Tambayar da Johnson ya yi da rayuwarsa ba ta mutu da shi ba. A 1948 dokar Birtaniya ta ba mutanen ƙasashen mallaka matsayin 'yan ƙasa, a shekarar kuma jirgin ruwa Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karibiyan da aka rena a makaranta suna kiran Ingila uwa. A 1962 aka fara kafa dokokin rage shigowarsu. A 2018 ta bayyana cewa an tsare wasu daga cikin waɗanda suka shigo bisa doka tun suna yara, an raba wasu da ayyukansu, an ma kori wasu daga ƙasar, abin da ya kai ga murabus ɗin Amber Rudd, sakatariyar harkokin cikin gida. Duk da haka, jikokin waɗannan baƙi da na wasu irinsu sun zama marubuta da alƙalai da ministoci a Ingila, kuma da yawansu suna kiran kansu 'yan Ingila ba tare da neman izinin kowa ba. Ko hali ne ke mayar da mutum ɗan ƙasa ko kuwa gado, muhawara ce da Turawan Ingila ke yi a tsakaninsu tun zamanin Defoe. Littafin Cary ya adana amsar da aka bayar a wani ƙaramin ofishin Di'o a Nijeriya ta Arewa, ya kuma nuna wanda ya biya kuɗinta.